Gidaje Huɗu a Kan Tabarma Ɗaya

Dutsen niƙan nan da ke kusurwar ɗakina, yau sai mata biyu sun kama kafin ya motsa. Ni kaɗai na riƙa ɗora shi a kan gammo kowace Alhamis, daga ƙofata zuwa lakwal ɗinmu, wato makarantarmu ta unguwar Jadid, shekara goma sha ɗaya, ban taɓa sauke shi a hanya ba. Na fara da shi ne saboda ku, 'yan matan da kuka fito da takardar malanta, da nake jin kuna cewa aikin Kaka Mariama ai ba aiki ba ne, wasa ne da yara da tsofaffin tarkace. Wata a cikinku har ta ce mini duk abin da na koyar yana cikin wayarta, da hoto mai launi. Madalla. Ki miƙa wa ɗan shekara shida wayar, ki ce ya niƙa mini gero da ita. To ku gyara zama. Ina faɗa ne ana rubutawa, don ni ko sunana aka rubuta a bango zan wuce shi ban gaishe shi ba.

Ni 'yar Damagaram ce. Mijina direban kamyo ne, babbar motar kaya, Allah ya jiƙansa, shi ya ƙetaro sahara da ni ya kawo ni nan Sabha. Shekarun nan ne da mai ƙasar ya juya fuskarsa kudu, rediyo ba ta da magana sai Afirka, allunan bakin titi duk taswirar Afirka ce. Hanya ta buɗe, mutane suka yi ta kwararowa, na Nijar, na Najeriya, na Mali, na Cadi. Wasu su zauna, wasu su yi aikin yini har su samu na mota su yi arewa. 'Yan kasuwa da direbobin da suka daɗe suka ɗauko iyalansu. Sai ga yara an haife su a gidan siminti, sun buɗe ido sun ga famfo da firji, Larabci a titi, Hausa a gida rabi da rabi. Iyaye suka haɗa kai suka kama wani gida mai faɗin tsakar gida aka mai da shi lakwal, aka ɗora Mushe Isufu, wato Malam Isufu a bakinmu na Nijar, wani dogon mutumin Maraɗi, ya shugabance ta. Ni shara aka ɗauke ni.

Ranar da na shiga wannan sana'a tsintsiya ce a hannuna. Mushe Isufu yana karanta wa ƙaramin aji wani littafi a kan yadda mutanen da suka rayu, ya zo kan dutsen niƙa. Wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce mene ne shi. Ya ɗauki alli ya zana a allo. Wallahi abin da ya zana burodi ne, an ɗora masa ƙaramin burodi a kai. Dariya ta ƙwace mini a bakin ƙofa.

"Inna Mariama, lafiya?" in ji shi.

"Lafiya lau, Mushe. Jira nake ka zana shayin mu karya."

Yara suka kwashe da dariya. Da wani malamin ne, a ranar zai sallame ni. Shi kuwa ya ajiye allin, ya kaɗe hannu, ya ce, "Ke kina da wanda ya fi wannan?"

"Ina da na uwata."

"Kawo shi Alhamis."

Na kawo. Na sa suka durƙusa ɗaya bayan ɗaya, kowa na ba shi gero cikin tafin hannu. Na farko ya zagaya dutsen, ya leƙa ƙarƙashinsa, ya ce, "Kaka, ina wajen kunnawa?" Yara ashirin da wani abu suka niƙa har kafaɗunsu suka yi tsami, garin da suka tara bai cika ƙaramar ƙwarya ba. Na ce musu wannan ba zai ƙosar da mutum ɗaya ba, kowa ya lissafa bakin da ke ci a gidansu, ya tuna mace ɗaya ce ke niƙa musu kullum kafin rana ta ɗaga. Suka shiga ƙirgawa da yatsu. Daga ranar Mushe ya karɓe tsintsiyar ya ba wata, ya ba ni Alhamis.

Kada ku ɗauka daga nan na zama gwana. Gidajen Damagaram na sani, na nan yankin Fezzan ban san su ba, yaran kuwa na nan ne kamar yadda suke na can. Sai na nemi malama. Aka kwatanta mini Hajja Mabruka a garin Samnu, tsohuwa 'yar ƙasa, wadda ta tsinci Hausar kasuwa a bakin fatake tun tana yarinya. Shekara guda ina bin motar kayan lambu kowace Juma'a ina zuwa wurinta. Ita ta nuna mini lakar nan mai gishiri da ake fasowa a yi bango da ita, da yadda ake tsaga gangar dabino a yi azara, da ƙyauren katakon dabino da ake ɗaurewa da fata babu ƙusa ko ɗaya. Ta kai ni tsohuwar rijiyar da jaki ke ja da guga yana sauka gangare yana hawowa, ta sa na ja igiyar a madadin jakin don in san nauyinta. Ta sa na manna burodi a cikin tanderun ƙasa har gashin hannuna ya ƙone. Mace ce da hannunta ya san komai. Ban taɓa ganin ta auna abu sau biyu ba.

Babban abin da ta koya mini kuwa ba na gini ba ne. Wata rana na ɗauki mazari ina yi wa jikokinta bayani, ina ta zuba kamar yadda na saba, don ni Allah ya ba ni baki. Ta buge mini hannu.

"Ke, magana yawa," ta ce da Hausarta. "Ba yarinya ta riƙe. Ta riƙe, ta kasa, ta tambaya. Bayan nan ke magana."

Ni da ake taruwa a ji tatsuniyata, a ce in yi shiru! Amma da shi na ci abinci duk tsawon aikina. Hannu tukuna, baki daga baya.

Salka tana cikin kayan da suka fi ba ni wahala. Fatar akuya ce sukutum, jemammiya da bagaruwa, kuma ba a ɗauko ta a bushe a zuba ruwa. Tun Talata nake jiƙa ta, Laraba in zubar in sake, in duba ɗinkin ƙafafun, Alhamis in rataye ta a inuwa inda iska ke ratsawa. Kafin hantsi ruwan ya yi sanyi. Sai in ba su a ludayi. Kullum sai an samu mai yamutsa fuska.

"Kaka, warin akuya yake."

"Ita ta ara miki rigarta. Ki gode mata ki sha."

Darasin haske kuwa da rana tsaka nake yinsa. In toshe tagogi da barguna, in sa 'yan mata su ɗaure gyalensu baya, in ajiye bokitin yashi kusa da ƙafata, don wuta da yara ashirin a ɗaki ɗaya ba abin wasa ba ne. In ƙyasta ƙyastu a kan auduga har ta kama. In kunna aci-balbal, ɗan kaskon nan mai man gyaɗa da lagwanin da na murza a cinyata. In bar su su zauna da wannan ɗan hasken har idonsu ya saba, in ce wa ɗaya ta nemo mini allura a kan tabarma. Sannan fitilar ƙwai. Sannan tocila. Can ƙarshe in ce wa mafi ƙanƙanta a ajin ta je ta danna makunnin bango. Ihun da suke yi a lokacin, kai ka ce yau aka kawo lantarki duniya. In kika yi gaggawa, kika kunna na biyu kafin su gaji da na farko, kin ɓata darasin.

Abin da ba ku sani ba shi ne, ƙaramin yaro bai san shekara ɗari ba. Jiya da bara duk ɗaya ne a wurinsa. In kika ce masa "a zamanin da", sai ya ɗauka ranar da bai zo lakwal ba ce. Shi ya sa na yi igiya mai ƙulli biyar. Ƙullin farko ke ce. Na biyu uwarki lokacin da take tsayinki. Na uku kakarki, haka har biyar. Kowane ƙulli mace ce, tana da suna, tana da gida. A kan kowace mu yi tambayoyinmu: ruwa daga ina, wuta daga ina, ina ake kwana, wa ke fara tashi. Na gina gidaje huɗu kuma, kowane tsayin gwiwa, rufinsa yana ɗaguwa a leƙa ciki: tantin fata, bukkar ganyen dabino, ɗakin laka mai azara, da gidan bulo mai rufin kwano. Bulon da akwatin ashana na buga su, ɗaya bayan ɗaya, wata biyu ina yi. Sai in shimfiɗa tabarma, in miƙe igiyar, in jera gidajen a jikinta, tanti da bukka can ƙullin nesa, gidan bulo a ƙullin yau.

Iyaye su ne masu sayen aikina, kuma kowa da abin da yake so. Wani alhaji ya ce in gaya wa 'ya'yansa irin wuyar da ya sha don su daina zubar da shinkafa. Wata ta tare ni a kasuwa ta ce in rufa mata asiri, kada in ce uwarta ta taɓa ɗaukar tulu. Wata malama Balarabiya ta ji labarina ta ari Alhamis ɗina biyu, na je ajinta da kayana, Larabcina na kasuwa, amma dutse ba ya bukatar tafinta. Duk na iya da su. Mai son kuka ban ba shi kuka ba, mai son a ɓoye ban ɓoye mata ba, kuma ba wanda ya cire ɗansa saboda ni. Sai a shekarar kame.

Ita ce muguwar shekarata. Aka fara kwashe marasa takarda daga wuraren da leburori ke jiran aiki, ana lodawa a mota ana yin kudu da su. Mutane suka shige gidaje. Wasu iyalai suka tattara da kansu suka tafi. Ga zafi, ga lantarki yana ɗaukewa rabin yini, ajin siminti ya zama tanda. Ƙaramin aji ya koma yara goma sha ɗaya. A cikinsu akwai Rakiya, 'yar shekara shida, siririya, mai manyan idanu. Ubanta Ila yana aiki a wani lambun dabino a bayan gari, kan hanyar Samnu. Masu wucewa ne, arewa suka nufa, kamen ya tsayar da su. Mushe Isufu ya karɓe ta don Allah. A duk danginsu ita ce ta fara riƙe alƙalami, kuma Mushe ya ce bai taɓa ganin yarinya mai saurin ɗauka irinta ba.

Wata Alhamis na jera gidajena kamar kullum. Na ɗaga rufin bukkar na ce, "Wannan na mutanen da ne, na kakar kakarku. A nan suka kwana kafin Allah ya kawo mu gidan kirki." Shekara nawa ina faɗin haka, ba abin da ya faru. Sai Samira, 'yar Alhaji Sani na unguwar Sukra, ta yi tsalle ta nuna da yatsa.

"Kaka, ai gidan su Rakiya ne! Na gani da muka je sayen dabino!"

Aka kwashe da dariya. Kafin in buɗe baki har sun ƙaga waƙa, suna tafi: Rakiya mutumiyar da, Rakiya kakar kaka. Na tsawatar, suka yi shiru. Rakiya ba ta yi kuka ba. Ta kalli igiyar, ta kalli inda na ajiye bukkar, ta ɗauki jakarta ta rungume har aka tashi. Asabar ba ta zo ba. Mako ya zagayo ba ta zo ba.

Mushe Isufu ya kira ni ofishinsa ya rufe ƙofa.

"Inna, zan kira Samira in hore ta."

"Ka hore ta a kan me? Gaskiya ta faɗa. Gidansu ne."

"To laifin wa?"

"Wa ya ɗora shi a ƙullin matattu?"

Ya cire tabarau ya goge. Ya ce, "In yarinyar nan ta bar karatu yanzu, ta bar shi ke nan. Inda za su je ba wanda zai sa ta."

Juma'a na hau motar kayan lambu na sauka a bakin lambun. Bukkar tana ƙarshen layin dabino. Na yi sallama. Wata matashiya ta fito tana goge hannu a zane, ta amsa, ta dube ni sama da ƙasa. Halima ke nan, uwar Rakiya.

"Ke ce tsohuwar da ta ce mun shuɗe?"

"Ni ce, 'yata."

"To ga mu. Taɓa ki ji ko fatalwa ce."

Na sunkuyar da kai. Ta ce, "Yarinya ta dawo ta ce mini, Inna, mu mutanen da ne? Kaka ta ce sai nan gaba Allah zai kai mu gidan kirki. Da hannuna na gina ɗakin nan, Kaka, kwana tara, da ciki wata shida. Me zan ce mata?"

Ila ya taso daga bakin ruwa da fartanya a kafaɗa, ya gaishe ni da ladabi, har ya rusuna. Sannan ya ce, "Kaka, kullum da safe ina ɗora ta a mota, gabana yana faɗuwa har ta dawo, don akwai bawaba a hanya, inda ake tsayar da motoci a duba takardu, mu kuwa ba mu da su. Na jure don ta san baƙi da fari. In zagi za ta koyo, akwai shi a nan kyauta. Ta gama zuwa."

Duk da haka Halima ta ce in shigo in sha ruwa, don ba a barin baƙo a rana ko da an yi faɗa da shi. Na sunkuya na shiga. Jama'a, sanyi! A waje rana kamar za ta tsaga kai, a ciki kamar gindin rijiya. Ta ɗebi ruwa a ƙwarya ta yayyafa wa ganyen ta gefen da iska ke shigowa, iskar ta ratso da sanyi har cikin ƙashina. Yashin ƙasan a tankaɗe yake, babu tsakuwa ko ɗaya. Akwatinsu a kan duwatsu huɗu saboda kunama. Ƙofar ta ba iskar kudu baya. Murhu yana waje, da ɗan bangon laka a tsakaninsa da ganyen, don kada tartsatsi ya tashi. Wannan ginin mai hankali ne, kowace kusurwa an yi tunani a kanta. Ga salka a rataye, ga rediyo kusa da ita, ga tocila, ga bidon roba na ɗiban ruwa, ga jakar lakwal a maƙale, Rakiya tana bayan uwarta tana leƙena. Duk ƙullina biyar ga su a ɗaki ɗaya. Ni da nake taƙama na san gidaje, a ranar na gane na jera su ne kamar wanda ya zo yana kashe na bayansa, alhali ga su duka a gari ɗaya suna numfashi.

Na ce, "Halima, na yi kuskure, ki yafe mini. Amma ba yafiya kaɗai ta kawo ni ba. Ki ara mini gidanki yini ɗaya. In kawo ajin."

"Su zo su kalle mu kamar birai?"

"Su zo baƙunta. Baƙo kuwa ba ya shiga sai mai gida ta ce ya shigo."

"Ni ba zan tsaya ina yi wa 'ya'yan alhazai maraba ba."

"Ba ke ba. Rakiya."

Ta juya ta kalli 'yarta. Ta kalli mijinta. Ila ya ce, "Zuwa dai ba ya nufin za ta koma." Na ce na ji.

Saura mota. Na je Sukra wurin Alhaji Sani, uban Samira, mai takardu cikakku da buɗaɗɗiyar mota, tsohon direban sahara da ya zama ɗan kasuwa.

"Kaka, a wannan marra? In aka tsayar da ni a bawaba da 'ya'yan mutane fa?"

"Kai da ka ƙetare hamadar Tenere da taya uku, bawaba ɗaya za ta ba ka tsoro?"

Ya yi dariya, sannan ya daina. "An ce 'yata ce ta yi."

"Ita ta faɗa, Alhaji. Ni na sa mata a baki."

Ya shafa gemu. "Alhamis da safe. Ni zan tuƙa."

Mun isa da hantsi, yara goma a bayan mota, duk sun jiƙe da gumi. Na tsayar da su a layi a gaban bukkar na ce, "Nan gidan mutane ne. Kowa zai yi sallama shi kaɗai, ya jira. In an ce shigo ya shiga. In ba a ce ba ya tsaya inda yake." Rakiya ta fito ta tsaya a bakin ƙofa, an yi mata sabon kitso, ludayi a hannunta, ƙwaryar ruwa a gefenta. Ɗaya bayan ɗaya suka yi sallama. Ta amsa, ta miƙa ruwa, ta ce shigo. Duk wanda ya shiga sai mu ji ya ce, "Kai! Akwai na'urar sanyi?"

Samira ce ta ƙarshe. Ta yi sallama da ƙaramar murya. Rakiya ta amsa, don sallama dole a amsa ta. Amma ba ta miƙa ludayi ba, ba ta ce shigo ba. Ta tsaya tana kallonta.

"Ke Rakiya!" in ji Halima daga wajen murhu.

Na ɗaga mata hannu. Alhaji Sani ya juya yana duban dabino kamar saye zai yi. Yashi yana ƙona ƙafa har ta cikin takalmi. Samira ta ɗaga wannan ƙafa ta ajiye, ta ɗaga waccan.

Can Rakiya ta ce, "Gidan mutanen da ne. Za ki iya?"

Samira ta dubi ƙwaryar ruwan. Ta ce, "Ƙishirwa nake ji."

Rakiya ta ɗebo ta miƙa mata, ta jira ta shanye. Sannan ta ce, "Cire takalmi. Innata ta tankaɗe yashin."

A ciki ban koyar da komai ba. Na zauna a kusurwa na yi tambayoyina, ruwa daga ina, wuta daga ina, ina ake kwana, wa ke fara tashi, Rakiya tana amsawa tana nunawa da hannu. Ta nuna musu yadda ake yayyafa ruwa a ganyen, suka yi ta rububin ƙwaryar har Halima ta ce za su mai da mata ɗaki tafki. Wani yaro ya leƙo ya ce wa Alhaji, don Allah a yi musu irin wannan a saman rufinsu. Alhaji yana tsugune a bakin ƙofa, don bai yi sallama ba balle a ce ya shigo. Ya shafa ɗaurin ganyen da yatsa ya ce wa Halima, "A irin wannan aka haife ni. Amma na uwata bai kai naki kyau ba." Halima ta ƙara masa dabino a faifai.

Da za mu tafi na dubi Ila. Ya ce, "Allah ya kiyaye hanya, Kaka." Ya ɗauki fartanyarsa ya koma bakin ruwa.

Asabar ba ta zo ba. Lahadi ba ta zo ba. Mushe Isufu ya daina tambayata, sai dai ya kalli wurin zamanta ya kau da kai. Ni kuwa a kwanakin nan na sake darasina daga tushe. Na cire gidajen daga jikin igiya. Na shirya in riƙa zagaya su a kan tabarma kamar unguwa, ƙofa tana duban ƙofa, in fara da tambayar wa ya taɓa kwana a irin wannan, wa ke da 'yan uwa a irin wancan. Igiya ta zama ta kaya kawai, ta fitila da dutse da tulu, don su ne ke shigowa gida suna fita. Haka na koyar har na ajiye aiki, kuma ku ma in kuna da hankali haka za ku yi, don ba ku san a ina yaron da ke gabanku ya kwana ba.

Alhamis na yi sammako don in gwada sabon jerin kafin yara su zo. Na shawo kwanar lakwal, sai ga wani ƙunshin ganyen dabino a bakin ƙofa, ya fi mai shi girma. A bayansa Rakiya ce zaune, jakarta a cinya.

"Ina kwana, Kaka."

"Lafiya lau, uwata. Wannan kayan fa?"

"Inna ce ta ce in kawo miki. Na gaya mata yadda kika ɗaure taki bukkar." Ta ɗan sunkuyar da kai, ta ɗago. "Ta ce ko akuya ba za ta yarda ta kwana a ciki ba. Ta ce ki warware, in nuna miki."

Na buɗe ƙofa, na shimfiɗa tabarma, na ɗauko bukkata na warware ta har ƙasa. Na zauna na miƙa hannu.

"Ba haka ba, Kaka," in ji ta. "Riƙe nan."